Tsohuwar Rikoda a Zamanin Memori

Wannan sharhi ya shafi wata sana'a da ta yaɗu a 'yan shekarun nan tsakanin masu gyaran rediyo da masu sha'awar tsofaffin na'urori a sassa da dama na duniya, wato mayar da tsohuwar rikoda mai cin kaset ta koma na'urar da ke karanta sauti na dijital, ko daga katin memori, ko daga filas, ko kuwa kai-tsaye daga wayar salula ta hanyar Bluetooth. Abin da ake nufi da sauti na dijital shi ne sautin da aka auna shi sau dubbai a cikin kowace daƙiƙa aka adana awon a matsayin lambobi, saɓanin kaset, wanda ke riƙe da sauti a matsayin sawun maganaɗisu a jikin zare. Sana'ar tana da amfani ƙwarai, domin tana raya abin da ake shirin jefarwa a bola, kuma tana nuna basirar masu aikin hannu, sai dai tana tafe da wata asara da ba kasafai ake lura da ita ba, wadda kuma ta fi shafar ƙasashen da tarihinsu na baka ya kwanta a kan kaset, irin su ƙasar Hausa.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a baje kolin rediyo na birnin Balin a watan Agusta na 1963, bayan aikin da wata tawagar injiniyoyi ta yi a masana'antar kamfanin da ke Hasselt a ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin jagorancin Lou Ottens, ɗan ƙasar Holan, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 94. Faɗin zaren milimita 3.81 ne, yana tafiya da saurin santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya, kuma kaset mai minti casa'in yana ɗauke da zare mai tsawon kimanin mita 130. Kamfanin ya amince wasu masana'antu su ƙera irin nasa ba tare da biyan kuɗin mallaka ba, da sharaɗin su bi ma'aunin da ya gindaya, kuma wannan shawara ce ta sa kaset ɗin da aka ɗauka a Tokiyo yake aiki a rikodar da aka saya a Sabon Garin Kano. Daga bisani Sony ya fito da Walkman a 1979, faifan CD ya shigo a 1982, sannan tsarin matse sauti na MP3, wanda Cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da shi, ya bayyana a farkon shekarun 1990, ya ture su gaba ɗaya. Lissafin a fili yake: kaset mai minti casa'in, idan aka mayar da shi MP3 mai matsakaicin inganci, ba ya cin fiye da megabait 90, wanda ke nufin katin memori mai gigabait 8, da bai kai farcen yatsa girma ba, zai haɗiye kaset kusan casa'in.

Kafin a fahimci yadda ake aikin juyawar, wajibi ne a san hanyar da sauti ke bi a cikin rikoda, domin duk ƙwarewar aikin tana ga sanin inda za a shigar da sabon sauti a kan wannan hanya. Zaren kaset roba ce siririya da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe mai karɓar maganaɗisu. Wani ɗan sandan ƙarfe mai juyawa, tare da tayar roba da ke matse zaren a jikinsa, su ne ke jan zaren da sauri madaidaici ya gifta ta gaban hed, wato ɗan ƙarfen nan mai sulɓi da ke ɗauke da naɗin waya a cikinsa, wanda ke mayar da sawun maganaɗisu zuwa lantarki. Lantarkin da hed ke fitarwa ƙanƙani ne matuƙa, bai cika wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ba, saboda haka sai ya fara bi ta ƙaramar amfilifaya ta farko, wadda ke ƙara masa ƙarfi sau ɗaruruwa, tana kuma gyara shi ta hanyar ɗaga sauti mai kauri da hed ke raunanawa. Daga nan ne yake isa ga murɗin ƙara, sannan babbar amfilifaya, sannan lasifika. A tsofaffin rikodoji, musamman ƙirar Japan ta shekarun 1970 da 1980 irin su National Panasonic da Sharp da Sanyo da JVC, rabin wannan hanya na ƙarshe, daga murɗin ƙara zuwa lasifika, yakan daɗe da ransa, alhali rabin farko, mai ƙunshe da sassan da ke motsi, shi ne ke fara gazawa.

Duk wanda ya tsaya kan teburin mai gyara a lokacin da ya kwance bayan rikodar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado zai ga dalilin wannan gazawa da idonsa. Bel ɗin roba da ke haɗa moto da babban faifan ƙarfe mai daidaita gudu ya narke ya zama baƙin danƙo mai kama da kwalta, ya manne a kan gargaren, kuma sai an yi ta goge shi da auduga da sifirit kafin ya fita, yana baƙanta yatsu. Tayar matse zare ta bushe ta yi tauri har ta tsattsage, man da aka shafa wa haƙoran roba ya daskare da ƙurar hunturu, fuskar hed kuwa ta yi ja da tsatsar da ta goge daga zaruruwa. Amma da zarar mai gyaran ya jona wuta ya taɓa ƙafar tsakiya ta murɗin ƙara da bakin sukudireba, sai lasifika ta yi gurnani mai kauri, kuma wannan gurnani shi ne shaidar cewa amfilifaya da lasifika suna nan lafiya, na'urar kuma ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Daga cikin hanyoyin juyar da rikoda, wadda ta fi kowace sauƙi ba ta buƙatar a kwance ko da ƙusa ɗaya. Akwai wani kaset na musamman wanda babu zare a cikinsa, sai wani hed da aka dasa a daidai inda zare ke wucewa, ta yadda idan an saka shi aka danna maɓallin kunnawa, hed ɗinsa zai fuskanci na rikoda ya miƙa masa sautin ta hanyar maganaɗisu. An fara sayar da irin wannan a Amurka a shekarun 1980 domin masu motoci su saurari CD ta rikodar mota, kuma a yau akwai wanda ke karɓar sauti ta Bluetooth ba tare da igiya ba. Alherinsa shi ne ba ya ɓata komai. Aibinsa kuwa shi ne motar rikodar tana ci gaba da juyawa a banza tana cin batir, kuma sautin yana ɗauke da shuwar da aka san kaset da ita.

Hanya ta biyu ita ce ta fi yawa a shagunan gyara, kuma a kanta ya kamata a daɗe. Masana'antun ƙasar Sin suna fitar da wani ɗan fanel mai araha, wanda bai fi tafin hannu ba, mai ramin filas da ramin memori da ƙaramin allon lambobi masu haske ja, sau da yawa har da rimot da Bluetooth da rediyon FM. Mai gyara yakan yanka gurbi a jikin rikodar ya dasa shi, ya ba shi wuta daga cikin na'urar, sannan ya liƙa wayoyin sautinsa da dalma a kan hanyar da aka bayyana a baya. Wurin da ya dace shi ne mashigar murɗin ƙara, ko ramin da aka tanada domin karɓar sauti daga waje idan rikodar tana da shi, domin ƙarfin sautin da fanel ke fitarwa, wanda ya kai wajen rabin bolt, ya yi daidai da abin da wannan wuri ke jira. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cire wayoyin hed a jona na fanel a madadinsu, wanda ke nufin an tura wa amfilifaya ta farko sauti mai ƙarfi ninkin ɗaruruwan abin da aka gina ta dominsa, ita kuma ta ƙara masa kaurin da ba ya buƙata, sai a ji murya ta shaƙe, ganga ta cushe, mai kaya kuma ya ɗora laifin a kan lasifikar da ba ta yi komai ba. Gwanin mai gyara yakan sa ƙaramin makunni mai zaɓi tsakanin kaset da fanel, ta yadda kowanne zai yi aiki a lokacinsa, kuma wannan makunni, da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne bambancin da ke tsakanin ƙara wa rikoda baiwa da kuma raba ta da asalinta.

Batun wuta yana da nasa tarko. Yawancin waɗannan fanel bolt 5 suke so, wasu kuma 12, alhali rikoda mai cin manyan batura shida tana aiki da bolt 9, mai cin takwas kuma da 12, don haka ana buƙatar abin rage wuta a tsakani. Sanannen ɗan abin rage wutar nan mai ƙafa uku da ake kira 7805 yana yin aikin cikin shiru, amma yana mayar da rarar wutar zafi ne, don haka sai an ɗaura masa ƙarfen shan zafi. Sabbin masu rage wuta kuwa, waɗanda ke aiki ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, ba sa ɓarnar batir, amma sukan zuba wani siririn kuka a cikin sauti. Wannan kuka yakan tsananta idan fanel da amfilifaya suka haɗa wayar ƙasa ta hanyoyi biyu, ta wajen wuta da ta wajen sauti, kuma maganinsa shi ne a tara dukkan wayoyin ƙasa a wuri guda, ko a sa ƙaramar taransifoma mai raba tsakani. Akwai kuma wata illa da ta fi damun mai sauraro a ƙasar Hausa fiye da takwaransa na Turai, domin rikodar nan galibi ita ce rediyon gida, kuma a kan gajeren zango ne jama'a suka saba kama Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka da Rediyon Faransa. Fanel na dijital yana fitar da hayaniyar lantarki da ke danne raunanan tashoshin gajeren zango da matsakaicin zango, saboda haka wajibi ne a tsara makunnin ta yadda zai yanke masa wuta ɗungurungum idan an koma rediyo. Haka nan, duk mai taɓa cikin rikodar da ke jone da wutar gida ya tuna cewa bolt 230 ne ke shiga taransifomarta, kuma wanda ya musanya manyan batura da na lithiyam irin na kwamfutar tafi-da-gidanka, ba tare da fanel ɗin kariya daga cikar caji fiye da kima ba, ya ajiye abin da ka iya kamawa da wuta a ɗakin da iyali ke kwana.

Hanya ta uku ta fi yawa a Turai da Amurka, inda masu sha'awa ke kwashe kayan cikin rikoda baki ɗaya su bar ƙwarya kawai. Wasu sukan saka tsohuwar wayar salula a bayan gilashin ƙofar kaset tana nuna hoton kaset mai juyawa, wasu kuma sukan dasa Raspberry Pi, wata ƙaramar kwamfuta mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, su jona mata tsofaffin maɓallan, sannan su manna wata 'yar alamar lantarki a cikin kowane kwankon kaset, ta yadda saka shi zai sa na'urar ta ɗauko jerin waƙoƙi daga intanet. Aiki ne na gwaninta, kuma yana tafiya da wata sabuwar ƙauna ga kaset a can, inda aka sayar da kaset kimanin 195,000 a Birtaniya a 2022.

Sai dai abin da ya zama abin ado a Landan ba shi ne matsayinsa a Kano ko Damagaram ba. A ƙasashen Turai, yawancin abin da aka taɓa sayarwa a kaset yana da uwar ɗauka a ma'ajiyar kamfani, kuma an daɗe da mayar da shi dijital. A ƙasar Hausa kuwa, kaset ya yi aikin da ɗab'i da gidan adana tarihi suka yi a wasu wurare. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, da yawansu an ɗauke su ne a wajen biki ko a ƙofar fada ko a filin dambe, da rikodar wani mai sha'awa, ba a ɗakin ɗaukar sauti na kamfani ba. Tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, da karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da na malaman ɗariƙu da sha'irai masu bege, duk ta kaset suka ratsa garuruwa, kuma Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta kasance cibiyar kwafa da rarrabawa har zuwa Nijar da Kamaru da Gana, kamar yadda Brian Larkin ya yi nazari a littafinsa Signal and Noise na 2008. Shahararrun cikin waɗannan an riga an juye su, suna yawo a wayoyi. Abin tsoro shi ne na waɗanda ba su shahara ba: makaɗin noma na ƙauye da babu wanda ya ɗauke shi sai mutum ɗaya, da malamin zaure da almajirinsa ya naɗi karatunsa, da kuma kaset ɗin saƙo, wanda matafiyi da ke Makka ko Sudan ko Kumasi yakan cika da gaisuwa da labari ya aiko wa iyayen da ba sa karanta wasiƙa. Irin waɗannan kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma ba a iya jin su sai da hed da moto da bel masu aiki.

Nan ne asarar da aka ambata tun farko take. Manyan kamfanonin da suka ƙware a ƙera injin kaset mai inganci sun daɗe da dainawa, kuma abin da ake samu sabo a kasuwa yanzu, har da ƙananan na'urorin nan masu igiyar USB da ake tallatawa domin juyar da kaset, galibi injinsu mai rauni ne, gudunsa yana rawa, sautinsa kuma yana lanƙwasa. Hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti da hoto ta duniya da ake kira IASA, sun ƙaddamar da wani shirin gargaɗi a 2019, inda suka bayyana cewa na'urorin karanta zaren maganaɗisu da kayan gyaransu suna ƙarewa, suka kuma ambaci wajejen 2025 a matsayin lokacin da samun su zai yi wuya ƙwarai. Ma'anar wannan ita ce zaren yana iya fin na'urar da za ta karanta shi tsawon rai. Saboda haka duk lokacin da aka fizge injin wata lafiyayyar rikoda ƙirar Japan aka jefar domin a sami gurbin fanel, an rage adadin ƙofofin da suka saura na shiga wannan taska, alhali abin da ke damunta wataƙila bel ne kawai. Fanel ana ƙera dubbansa kowace rana. Hed mai kyau kuwa ba a ƙara yin irinsa. Abin da hankali zai karɓa shi ne a keɓe kwashe ciki ga rikodar da injinta ya mutu murus, kuma ko a nan ma mai gyara ya adana hed da moto da tayar matsewa a cikin gwangwaninsa, domin wata rikodar za ta zo nemansu.

Rikodar da aka bar mata injinta tana iya yin aikin da ya fi sauraro daraja, wato juyar da kaset zuwa kwamfuta, kuma wannan aiki yana da ƙa'idoji da ya kamata a kiyaye. Ana fara duba kaset ɗin kansa: a karya 'yan harsunan roba biyu da ke samansa domin kada a goge shi bisa kuskure, a tabbata ɗan audugar da ke tallafe zare a gaban hed bai faɗi ba, a juya gargaren da biro a ga ko zaren ya manne, kuma idan akwai farar fumfuna a jikinsa kada a saka shi a na'ura kafin a tsabtace shi. Sai a goge hed da tayar matsewa da sifirit, a kuma daidaita karkatar hed da ɗan sukurun da ke gefensa, ana saurare ana murɗawa a hankali har muryar ta washe, domin kowane kaset yana ɗauke da karkatar rikodar da ta ɗauke shi, kuma idan ba su dace ba sautin yakan fito a dushe kamar ana magana ta cikin bargo. Ana jona mafitar sautin rikodar da kwamfuta, a ɗauka da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, kuma babu gajeriyar hanya: kaset mai minti casa'in minti casa'in zai ci. Ma'ajiyoyin sauti suna ba da shawarar a adana kwafin farko a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai daga sautin, ko da yake kaset ɗaya zai ci wajen gigabait guda ko fiye, sannan a fitar da MP3 daga gare shi domin rabawa, saboda MP3 yana samun ƙanƙantarsa ne ta hanyar watsar da sassan sautin da aka ƙaddara kunne ba zai lura da su ba, kuma abin da ya watsar ba ya dawowa.

Katin memori ma ba ma'ajiyar dindindin ba ce, domin yana iya mutuwa dare ɗaya ba tare da wata alama ba, ga kuma jabu da suka cika kasuwa, masu nuna girman da ba su da shi. Don haka ake ajiye kwafi a wurare biyu ko uku mabambanta, ake kuma riƙe kaset ɗin na asali a inuwa, nesa da zafi da laima da maganaɗisun lasifika, ko da an gama juyar da shi. Fayil ɗin kuma a sa masa suna cikakke, da sunan mai magana ko mai waƙa, da garin da aka ɗauka, da shekarar, da dalilin taron, kuma a ɗauki hoton takardar da ke cikin kwankon, tun da sau da yawa rubutun biro ko na ajami da ke kanta shi ne kaɗai bayanin da ya rage. Inda babu rubutu, sai a kunna wa dattawan gidan su saurara, su faɗi ko muryar wane ne da kuma bikin wane ne, a rubuta abin da suka faɗa a ajiye tare da fayil ɗin.